Ranar da Na Riga Liman Raɗa Suna

Ba zan taɓa mantawa da safiyar wata Alhamis a ƙofar gidan yayana ba, ko da kuwa na so in manta, domin mutanen Zungur ba za su bar ni ba. Har yau in na ajiye mashin a bakin kasuwarsu sai wani ya ɗago kai ya ce, "Sannu da zuwa, Liman. Yau kuma sunan wa za a raɗa?" Ni kuwa ba liman ba ne. Malamin lissafi ne ni a wata makarantar sakandare a cikin Bauchi. Yadda aka yi na samu wannan limanci shi zan ba ku labari da bakina, tunda na gaji da jin wasu suna bayarwa suna ƙara masa gishiri.

Bari in fara da faɗin aibina. Ni mutum ne mai dogon bayani. In ka tambaye ni ƙarfe nawa, sai na fara gaya maka inda na sayi agogon. A taron malamai in na ɗaga hannu za ka ga mutane suna gyara zama, wasu suna satar kallon ƙofa. Madam Rifkatu, wadda teburinta ke kusa da nawa a ofishin malamai, ita ta fi kowa shan wahalata, kuma ita ta samo mini magani. Wata rana ta karɓi wayata ta yi 'yan danne-danne, ta miƙo mini ta ce, "Malam, na buɗe maka shafi a dandalin nan na gajerun saƙonni. A nan ba a barin mutum ya wuce layi uku ko huɗu. In ka wuce, shi da kansa zai tsayar da kai. Je ka ka yi ta fama da su, mu kuma mu huta."

Saƙona na farko bai fita ba, domin gaisuwa kaɗai ta cinye haruffan da aka ba ni (na yi sallama, na tambayi iyali, na tambayi gajiya, ina shirin shiga maganar sai aka ce wurina ya ƙare). Na yi ta yanke-yanke kamar tela mai ƙarancin yadi, har na gaji na ajiye. Washegari da sassafe na ji famfon tsakar gida yana tari, alamar ruwan madatsar Gubi ya iso layinmu a unguwar Fadaman Mada. Na ɗauki waya na rubuta: "Ruwa ya iso Fadaman Mada. A tara kafin a ɗauke." Kalma goma cif. Kafin in gama karyawa wata mata daga can ƙasan layi ta amsa da Allah ya saka da alheri, wani ya ce su a wajensu bai iso ba tukuna, wasu suka sake yaɗawa. A ranar na gano ashe mutum zai iya faɗin magana ta ƙare, kuma a saurare shi.

Daga nan na kamu. Na laƙaba wa shafina suna Kunnen Fadama, na shiga kawo rahoton duk abin da ya gilma ta gabana: inda hanya ta toshe, gidan man da babu layi, unguwar da aka kawo wuta. Duk Asabar in na je cefane sai in rubuta yadda ake sayar da masara da wake da taki a ranar. Kuma kada in yi wa dandalin nan butulci, ya yi mini rana, ya yi wa wasu. Akwai ranar da wani maƙwabcinmu mai keke ya tsinci jaka a kujerar baya, cike da takardun shaidar karatun wata ɗaliba da ya sauke a Gubi. Ya kawo mini, na rubuta layi biyu, kafin la'asar yarinyar ta zo da mahaifiyarta suna kukan murna. Akwai ranar da matar wani mai walda take neman jini a asibiti, na rubuta, mutum uku da ba su san ta ba suka je suka bayar. Abin da ya fi burge ni shi ne kowa wuri ɗaya aka yanka masa. Babban ma'aikaci layi huɗu ne nasa, mai sayar da rake ma layi huɗu, sai dai wanda ya fi iya zuba magana a cikinsu.

Sai dai wani ciwo ya shigo mini ta bayan fage, wato son in riga kowa. In wani ya riga ni faɗin labari da minti biyu, sai in wuni ina jin haushi kamar an ƙwace mini abinci a hannu. A wurin ɗaurin aure, kafin a gama shafa fatiha na riga na sanar da duniya an ɗaura. Kuma na sa a raina cewa masu karanta ni duk matasan gari ne, ɗalibai da ma'aikata. Ban taɓa kawo wa kaina cewa maganar da na rubuta a ɗakina tana iya kaiwa gindin wata bishiya a ƙauye ba.

To, ga yadda gidanmu yake. Mahaifinmu ya rasu ina ɗan shekara shida. Ƙanensa, Baffa Isiyaku, manomi a Zungur, shi ya tsaya mana. Duk kaka sai buhunan masara sun iso gidanmu kafin ya kai nasa rumbu. Da Yaya Nasiru ya gama koyon sana'a, Baffa ya sayar da ɗaya daga cikin shanun nomansa ya buɗe masa shagon kayan gini, shi kuma ya yi damina biyu yana aron sa a wurin maƙwabta. Baffa bai taɓa samun takwara a zuri'a ba. 'Ya'yansa duk mata ne, mazajensu kuwa kowa sunan ubansa yake mayarwa, kuma Baffa bai taɓa buɗe baki ya yi ƙorafi ba. Sunan mahaifinmu an riga an mayar da shi a wani gidan a dangi. Saboda haka tun ina ƙarami nake jin Yaya yana cewa, a cikin gida, mu ya mu, "Ranar da Allah ya ba ni namiji, sunan Baffa zai ci."

Allah ya fara ba Yaya da matarsa Anti Hajara 'ya'ya mata uku. Tana ɗauke da ciki na huɗu, wata bakwai, mahaifinta Malam Yunusa ya rasu. Na je jana'izar, na ga yadda ta rame a zaman makoki, har ni na rubuta ta'aziyya a shafina. Ku riƙe wannan, domin ni ban riƙe ba (malamin lissafi ke nan, an ba shi ɗaya da ɗaya ya kasa haɗawa).

Ranar wata Alhamis ina ofishin malamai lokacin hutun tara, Yaya ya kira ni. Ya ce, "Auta, an sauka lafiya. Namiji."

Na ce, "Alhamdu lillahi. An yi huɗuba?"

Ya ce, "An yi." Ya kashe waya, domin yana da mutane da yawa da zai kira.

Kun dai san yadda ake yi. Uba zai yi wa jariri huɗuba a kunne da sunan da ya zaɓa, daga nan sunan ya zauna tsakaninsa da mai jego, kowa ya yi ta kiran yaro jariri ko baƙo har ranar bakwai, ranar da za a raɗa a bainar jama'a. Na san wannan sarai, a ciki na tashi. Amma yatsuna sun riga hankalina isa wurin. Na rubuta: "Alhamdu lillahi. Yayana ya samu namiji yau da safe. Maraba da Isiyaku ƙarami, takwaran Baffanmu na Zungur. Alkawari ya cika." Na karanta sau biyu, na ga ya yi kyau, har na yaba wa kaina yadda na ƙulle shi da kalma uku. Na danna ya tafi.

Madam Rifkatu tana cin gyaɗa tana duba wayarta. Can sai ta ɗago ta ce, "Barka, Malam. Amma na ɗauka ku sai ranar bakwai kuke faɗin suna?"

Na ce, "Madam, zamani ya canja. Kuma wa zai gani? Tsofaffinmu ba sa nan."

Ta ce, "Yayanka ne ya gaya maka sunan?"

Na ce, "Ba sai ya gaya mini ba. Lissafi ne."

Ta dube ni na ɗan lokaci, ta ce to, ta koma kan gyaɗarta.

Za ku tambaya yadda aka yi mako guda cur maganar ba ta koma kunnen Yaya ba. Shi Yaya wayarsa ta kira ce kawai, ba ya dandalin kowa, kuma makon nan yana ta zirga-zirgar sayen rago da kayan barka. 'Yan uwan da suka ga saƙona kuwa sun fi ni hankali, sai suka kama bakinsu, tunda ba a faɗin suna kafin bakwai. Ni kuma aka ɗora mini hayar kujeru da rumfa da sayen goro da dabino, na yi ta hidimata raina fari tas. Kullum sai na leƙa in ga yawan waɗanda suka yi wa Isiyaku ƙarami addu'a, in ji daɗi.

Ranar suna, da aka fito daga sallar asuba, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Liman ya zauna a tsakiya, dangin Anti Hajara a gefe guda, maƙwabta da abokan kasuwar Yaya suka cika kujeru. Ragon da Yaya ya saya yana ɗaure a jikin turken rumfa, matsakaici ne, daidai ƙarfin mai 'ya'ya huɗu. Gari ya fara haske ke nan sai ga wata akori-kura ta shigo layin tana rangaji. Baffa ne a gaba, cikin farar babbar rigarsa da ba ya fito da ita sai ranar idi. A baya kuwa dattawan Zungur ne kusan shida, da buhun masara biyu, da wani rago.

Ban san yadda zan kwatanta muku ragon nan ba. Fari ne sol mai baƙin wuya, ƙahonsa ya murɗe ya sake murɗewa, sai da mutum uku suka taru kafin a sauko da shi. Da aka ɗaure shi kusa da na Yaya, sai na Yaya ya koma kamar ɗansa. Daga baya na ji cewa shekara biyu Baffa yana kiwonsa, kuma mahauta sun yi ta zarya ya ƙi sayarwa. Ni a lokacin murna ce ta cika ni. Na ruga na gaida Baffa, na karɓi wata 'yar jaka da ya riƙo a hannu na kai masa kan tabarma, na koma gefe na ɗauki hoton ragon na rubuta: "Ragon mai takwara ya iso daga Zungur." (Wato ramin da na haƙa bai ishe ni ba, sai da na ƙara masa zurfi.)

Yaya ya jawo ni gefe ya yi ƙasa da murya. "Auta, me ya sa Baffa ya zo da rago? Ai na gaya masa na riga na saya."

Kafin in buɗe baki liman ya ɗaga murya ya ce, "Ina mai gida? A zo a fara, mutane za su tafi kasuwa." Yaya ya sake ni ya tafi. Wani ya miƙo mini farantin goro da dabino ya ce in fara rabawa. Na ji wani abu ya ɗan taɓa zuciyata game da tambayar Yaya, amma na ce ai kara ce irin tasa, ba ya son a wahalar da tsoho.

Na fara rabo daga tabarmar baƙi, kamar yadda ya kamata. Ina durƙushe daidai gaban Baffa, farantin a hannuna, lokacin da Yaya ya sunkuya ya raɗa wa liman a kunne. Baffa ya gyara zaman rigarsa a kafaɗa. Yana murmushi, irin murmushin wanda ya san abin da za a faɗa amma yake ƙoƙarin nuna bai sani ba. Liman ya yi addu'o'insa, ya yi gyaran murya ya ce, "Yaro ya ci sunan kakansa na wajen uwa, marigayi Malam Yunusa. Allah ya raya Yunusa, ya ji ƙan mai sunan."

Maroƙin unguwa ya ɗauka ya maimaita da ƙarfi har sau uku, yadda ko matan da ke cikin gida za su ji. A ɓangaren surukai aka yi ta kabbara, wani ƙanin Anti Hajara ya sa hannu ya rufe fuskarsa. A tabarmar Zungur kuwa babu wanda ya motsa. Murmushin Baffa yana nan a fuskarsa bai tafi ba, sai dai ya tsaya cak, kamar ya rasa inda zai ajiye shi.

Wani daga cikin dattawan da suka zo da shi, Malam Ɗanjuma mai shagon taki a Zungur, ya ɗaga hannu cikin ladabi. "Allah gafarta Malam, a yi haƙuri. Ko an samu kuskure ne? Mu Isiyaku aka ce mana."

Liman ya ce, "Wa ya ce muku?"

Malam Ɗanjuma ya laluba aljihu ya fito da waya, ya laluba ɗaya aljihun ya fito da tabarau. Bai yi sauri ba ko kaɗan. Ya ce, "Ɗan gidan nan ne ya rubuta, ba bare ba. Ni nake karanta wa jama'a shafinsa a gindin durumi duk Asabar saboda farashin masara. Tun da muke da shi bai taɓa yi mana ƙarya ba." Daga nan ya karanta saƙona, kalma bayan kalma, da irin muryar masu karanta labarai a rediyo. Da ya zo kan "alkawari ya cika" sai ya dakata ya dubi jama'a ta saman tabarau. Sannan ya ce, "Ga ma wani ya shigo yanzun nan," ya karanta na ragon.

Duk Fadaman Mada an san waye Kunnen Fadama, ni da kaina na tabbatar an sani. Kawuna suka juyo gaba ɗaya. Ina nan durƙushe, ban miƙe ba, ban zauna ba. Ban san farantin ya karkace ba sai da na ji goro yana gangarawa kan tabarma ɗaya bayan ɗaya, wani har ya tsaya a jikin ƙafar Baffa. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙofar gidan Yaya siminti ce, shi da kansa ya zuba ta.

Kunyar kaina ba ita ta fi ci mini rai ba. Fuskar Yaya ce. Da fushi na gani a cikinta da na ji sauƙi, amma abin da na gani mutum ne da aka sa ya kunyata ubansa a gaban jama'a bai sani ba. Ya taso ya zo ya durƙusa kusa da ni. "Baffa, wallahi ban san da wannan magana ba. Hajara ce ta shiga wani hali tun rasuwar mahaifinta, na ga babu abin da zai sanyaya mata rai kamar wannan. Na yi niyyar in an watse in same ka mu biyu in yi maka bayani."

Baffa ya sunkuyar da kai yana kallon hannuwansa. A nan ne na gane abin da na aikata. Mako guda mutanen gari suna shiga gidansa suna yi masa barka. Ya ciro rigar idi, ya kwance ragon da ya hana mahauta, ya ɗauko abokansa tun duhun asuba su zo su ji an kira sunansa. Tsohon da ya kusa shekara talatin bai nemi komai a wurinmu ba, ni na sa masa rai da abu, kuma a gabana aka karɓe. Ban taɓa ƙin kaina kamar wannan lokacin ba.

Can ya ɗago ya dafa kafaɗar Yaya. "Tashi, Nasiru. Ka yi daidai. Malam Yunusa ya tafi, shi ya fi ni bukatar a riƙa kiran sunansa a gidan nan. Ni ina nan. Duk mai son jin Isiyaku ya kira ni in amsa." Ya juya wajen liman ya ce, "Malam, a shafa fatiha. Allah ya raya Yunusa."

Aka shafa. Na fara ja da baya a hankali, ina lissafin taku nawa ne tsakanina da lungu, sai na ji ya ce, "Auta. Ajiye farantin nan kafin ka ƙarasa zubar da shi. Matso."

Na matso.

"Kai ka rubuta alkawari ya cika?"

"Ni ne, Baffa."

"To, Nasiru bai yi mini alkawari a gaban kowa ba. Kai ka yi, kuma a gaban duniya. Ragon nan ba zai koma Zungur ba, don ba zan shiga gari da shi a yi ta tambayata ba. Ka riƙe shi, ka ba shi dusa da harawa. Ranar da ka kawo mini takwaran, sai a yanka."

A lokacin shekarata talatin da biyu, ba ni da mata, ba ni ma da gidan da nake zuwa zance. Kowa a wurin ya san haka. Liman ne ya fara dariya, daga nan wurin ya ɓarke, har surukai da suke share hawaye. Da wannan dariya Baffa ya fitar da Yaya daga kunya, ya fitar da abokansa, ya bar ni ni kaɗai a ciki, inda ya dace da ni. Amma na lura bai ci abin kirki ba, kuma tun kafin azahar ya ce gona tana jiransa. Da zai tafi ya miƙa wa Innarmu 'yar jakar nan da ya zo da ita. 'Yan riguna ne a ciki da wata 'yar hula da ya sa aka ɗinka. Ya ce, "A saka wa Yunusa."

Yaya ya yi kwana goma gaisuwa kawai ke haɗa mu. Anti Hajara, da na shiga ba ta haƙuri, ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Auta, ɗakina da naka taku nawa ne? Da ka tambaye ni." Da yammar ranar sunan na zauna zan rubuta gyara, kuma karon farko tun da na shiga dandalin na ji ina bukatar shafi goma, in kawo tarihi, in kawo dalilai, in nuna cewa kowa ma zai iya yin wannan kuskure. Wurin bai isa ba. Na yi ta yankewa, dalilan suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, har abin da ya rage shi ne: "Na yi kuskure. Sunan yaron Yunusa. Na faɗi abin da ba a gaya mini ba, kuma ba nawa ba ne. Ina neman gafarar Baffa da Yayana." Babu saƙon da na taɓa rubutawa da aka yaɗa kamar wannan. Ranar Litinin da na shiga ofis, Madam Rifkatu ta riga ni isowa. Ƙullin dusa kawai na tarar a kan teburina.

Haka na zama makiyayi. Na kafa wa ragon turke a bayan ɗakina, kuma mutanen dandali suka ɗauke shi kamar ɗan unguwa. In na rubuta an kawo wuta, sai a amsa da "Mun gode, yaya rago?" Su suke gaya mini inda harawa ta yi sauƙi. Da damina ta faɗi ya ci ɗanyar ciyawa cikinsa ya kumbura, ya kwanta yana nishi, na rubuta cikin tashin hankali, domin in ragon nan ya mutu a hannuna ban san da wace fuska zan shiga Zungur ba. Cikin 'yan mintuna wata mai aikin kula da lafiyar dabbobi ta amsa da layi uku, ta faɗi abin da zan ba shi da yadda zan tsayar da shi. Washegari ta zo da yayanta ta duba shi. (Har yau tana cewa ragon ta zo gani, ba ni ba, kuma na yarda da ita, don ya fi ni kyan gani a lokacin.) Bayan wata tara aka ɗaura mana aure, kuma sai da na ga an shafa fatiha an watse kafin na taɓa waya.

Allah ya fara ba mu mace. Na sayi wani rago na yanka, na Baffa yana tsaye yana kallo yana tuƙa. Baffa da ya zo suna ya zagaya ya shafa bayansa ya ce, "Ba komai, bai gaji ba tukuna." Amma na ga shi Baffan ya fara riƙe sanda, kuma wannan ya tsaya mini a rai fiye da yadda na nuna.

A bana, wata safiyar Talata, matata ta haifi namiji. Na yi masa huɗuba, na ajiye wayata a kan gadon asibiti kusa da ita, na hau mashin na kama hanyar Zungur. Na tarar da Baffa a ƙofar gida yana ɓarar gyaɗa a kan buhu. Na gaishe shi, na matsa kusa, na durƙusa na raɗa masa a kunne. Ya tsaya da gyaɗa ɗaya a hannunsa bai ɓare ta ba. Sannan ya juyo ya dube ni.

"Ka tabbata? Ka tambayi uban yaron?"

Na ce, "Ni ne uban yaron, Baffa."

Ya ce, "To madalla. Kada ka gaya wa kowa sai ranar bakwai." Ya kama gefen rigarsa ya goge ido, ya ce hayaƙin murhun cikin gida ne yake damunsa.

Ban gaya wa kowa ba. Har yanzu ina dandalin, ina jin daɗinsa, kuma ba na jin zan bar shi. Abin da na koya dai shi ne, kafin ka riga kowa faɗin labari, ka fara tambayar mai labarin. In kuwa ba za ka iya ba, to ka tanadi dusar shekara huɗu.